A Bi Sawun Waɗanda Gobara Ta Ƙona A Masana'antun Kano

Duk lokacin da wuta ta tashi a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano takan bayyana yawan rayukan da suka salwanta da dukiyar da aka yi hasara. Jama'a kuwa sukan ɗauki wannan adadi tamkar shi ke nan. Alhali 'yan kwana-kwana suna ƙirga abin da idonsu ya gani ne a wurin, kafin su naɗe mesa su koma ofis.

Ƙuna ba ta cika kisa nan take ba. Leburan da aka fitar da ransa daga kamfanin roba, ko daga majema a Challawa, yana iya yin mako biyu a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, sannan ya cika saboda hayaƙin da ya shaƙa, ko gyambon da ya ruɓe, ko ƙodar da ta tsaya. A takardar asibiti sai a rubuta ciwon ƙarshe, a manta da wutar da ta jawo shi. Wani ma danginsa ne za su ɗauke shi zuwa ƙauye idan kuɗin magani ya gagara, a yi masa sutura a ranar da ya rasu, ba tare da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta sani ba, ko da yake dokar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa.

Ƙasar Indiya ta ga irin wannan. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya haɗa bayanan asibitoci da tambayoyin da aka yi wa iyalan mamata, ya ƙiyasta cewa wuta ta kashe fiye da mutum 163,000 a 2001, wato kimanin ninki shida na abin da 'yan sanda suka rubuta.

Maganar ta wuce ta lissafi kawai. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tilasta wa mai kamfani sanar da sufeto duk haɗarin da ya yi kisa, kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin magada. Amma wanda ba a rubuta cewa gobarar wurin aiki ce ajalinsa ba, matarsa da marayunsa da wace hujja za su nemi diyya? Ma'aikacin wucin gadi, wanda ko a littafin albashi sunansa bai fito ba, shi ne ya fi shiga wannan hali.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta umarci asibitocinta su riƙa rubuta wa duk mai ƙuna inda ya ƙone da irin aikinsa, a kuma nemi haɗin kan Asibitin Ƙashi na Dala da na Aminu Kano, tun da na Tarayya ne. Duk bayan wata uku a gwada wannan littafi da na 'yan kwana-kwana, a tace sunayen da suka maimaitu, sannan a tuntuɓi masu unguwanni game da waɗanda aka sallama ba su warke ba.