Karen gadi ba sai ya ciji baƙo ba

A unguwannin Minna, daga Tunga zuwa Bosso da Maitumbi, ana yawan ganin rubutu a jikin ƙofa mai gargaɗin cewa akwai kare a ciki. Masu gidajen suna da uzuri, domin fargabar ɓarayi ce ta sa suke zuba kuɗi a kan Alsatian da Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu. Sai dai mafi yawan masu zuwa ƙofar nan ba ɓarayi ba ne. Mai ruwa ne da kurarsa, ko almajiri da ƙoƙonsa, ko yaron maƙwabta da aka aiko.

Mutane da dama sun ɗauka ɗaure kare da sarƙa yini guda, da hana shi ganin mutane, da dukansa, su ke mayar da shi gwanin gadi. Abin da hakan ke haifarwa tsoro ne, kuma karen da ya tashi cikin tsoro ba ya bambance ɓarawo da suruki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane, don haka a bar shi ya ga yara da manya da masu babur. In ya girma, a ware masa wuri nesa da ƙofa, a koya masa komawa can da kalma ɗaya tak. Idan an yi sallama, haushi biyu ko uku sun isa sanarwa. Sai maigida ya riƙe igiyarsa, ya umarce shi ya zauna, ya gaisa da baƙon a natse, sannan ya ba karen ɗan nama in ya yi shiru. A maimaita kullum. Kada a doke shi don ya yi gurnani, gama karen da aka hana gurnani yakan yi cizo ba gargaɗi.

Lamarin bai tsaya ga yagewar riga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Saboda haka rigakafi wurin likitan dabbobi wajibi ne. Wanda aka ciza kuwa ya wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti.

Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Duk wanda ba shi da lokacin horar da kare, gara ya ƙara tsawon katanga ya sayi kwaɗo mai ƙarfi.