Filin Kaɗe-Kaɗe: Snot, Ƙungiyar Da Ta Yi Faifai Ɗaya Tak

A wannan mako za mu leƙa jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin mu kawo labarin wata ƙungiyar makaɗa wadda ta yi shekara uku kacal tana wasa, ta fitar da faifai ɗaya, sa'an nan ajali ya katse mata hanzari. Sunanta Snot. Mai karatu ya gafarce ni, ma'anar sunan da Hausa ita ce majina, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin shaƙiyancin samarin.

Kiɗan da suka yi reshe ne na abin da Turawa ke kira metal, watau ƙarfe, saboda nauyin amon jitar lantarki da rugugin ganguna. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 waɗansu ƙungiyoyi kamar Faith No More suka fara gajiya da tsohon salon, suka riƙa cusa masa kiɗan fank na Baƙaƙen Amurka, da saurin kiɗan fonk na matasa masu bore, har da salon rap. Wannan gauraye shi aka laƙaba wa suna alternative metal, kuma a cikinsa Snot ta tashi.

An kafa ta a garin Santa Barbara a 1995. Lynn Strait shi ne mawaƙi, Mike Doling da Sonny Mayo suna riƙe da jita, John Fahnestock yana kaɗa jitar bas mai kaurin amo, Jamie Miller kuma yana kan ganguna. Suka yi ta wasa a gidajen rawa na Los Angeles har kamfanin Geffen ya ɗauke su. A watan Mayu na 1997 faifansu mai suna Get Some ya fito, da hoton karen Strait, mai suna Dobbs, a jikin bangonsa.

Wanda ya saurari faifan nan da kunnen basira zai lura cewa ba su zama wuri ɗaya. Waƙa za ta fara da jitar bas tana tsalle kamar ta 'yan rawa, kafin ka gyara zama sai jita biyu su faɗo mata da ƙarfi, ganguna su ninka gudu, can kuma sai kome ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. A waƙar Deadfall har kiɗan ƙauyawan Amurka suka ara don ba'a. Wanda ya tsara ɗaukar faifan, T-Ray, mutumin rap ne tun asali, ina kuma ganin hannunsa a yadda ganguna suka fito fili ba su nutse a cikin hayaniya ba.

Amma fa abin da ya ɗaure wannan tarkace wuri ɗaya shi ne muryar Strait. Yakan yi magana da sauri kamar mai faɗa a tasha, ya koma rera waƙa a tsanake, sa'an nan ya kece da ihu, duk a cikin baiti guda. Waɗansu waƙoƙin batsa ce da raha zalla, ba ni kuwa da abin yabo a kansu. Waɗansu kuma, kamar Tecato, suna magana a kan ƙangin miyagun ƙwayoyi, abin da shi kansa mawaƙin ya ɗanɗana. A nan ne mutum zai ji cewa ba wasa kaɗai ya kawo shi ba.

A 1998 aka sa su cikin Ozzfest, watau rangadin shekara-shekara da Ozzy Osbourne da matarsa Sharon suka ƙirƙiro. A lokacin Mayo ya riga ya fita, Mike Smith ya maye gurbinsa. A wannan rangadi ne 'yan sanda suka kama Strait a garin Mansfield na jihar Massachusetts, saboda ya fito kan dandali tsirara lokacin da ƙungiyar Limp Bizkit ke wasa. Sunansu ya ƙara bazuwa, suka koma gida suka shiga shirin faifai na biyu.

Ran 11 ga watan Disamba, 1998, Strait yana tuƙi a kan babbar hanya mai lamba 101, tsakanin Santa Barbara da Ventura, wata mota ta yi karo da tasa. Ya rasu yana da shekara 30. Karen nan Dobbs yana cikin motar, shi ma bai tsira ba.

To, sai aka bar makaɗa huɗu da kiɗa a hannu babu mai hawa kansa. Ba su nemi wani ya gaji marigayin ba. Sai suka kira abokansa, kowa ya zo ya ɗauki kiɗa guda ya ɗora masa waƙarsa. Jonathan Davis na Korn ya zo, da Serj Tankian na System of a Down, da Corey Taylor na Slipknot, da Max Cavalera na Soulfly, da Fred Durst, da Brandon Boyd na Incubus, da sauransu. Faifan ya fito a watan Nuwamba na 2000 a kamfanin Immortal, da sunan Strait Up. A waƙar Absent ne ake jin muryar Strait kansa.

A ganina wannan faifai na biyu ya tabbatar da wani abu wanda masu shi ba su yi nufi ba. Gwanintar makaɗan ba ta ragu ba, amma da zarar Davis ya buɗe baki sai kiɗan ya koma kamar na Korn, in Taylor ne sai ya koma kamar na Slipknot. An tara manyan mawaƙa fiye da goma, ba a sami Snot ba. Abin mamaki kuma, waƙar da ta fi shahara a ciki ita ce Angel's Son, wadda Lajon Witherspoon na Sevendust ya rera a hankali da jitar katako. Watau mutane da yawa sun fara jin sunan wannan ƙungiya mai hargowa ne ta bakin waƙar makoki mai sanyi, wadda Strait bai taɓa ji ba.

Sauran 'yan ƙungiyar kowa ya kama gabansa. Doling ya shiga Soulfly, Mayo ya yi zama a Amen da Sevendust, Smith ya ɗan taɓa aiki da Limp Bizkit a 2003, Miller kuwa ya zama mai gangar Bad Religion a 2015. A 2008 sun sake haɗuwa, suka ɗauko wani mawaƙi mai suna Tommy Vext suka yi rangadi da shi. Mafi yawan abin da ya rera wa jama'a waƙoƙin faifan nan ne na 1997.