RA'AYINMU: Malam Mai Tsoron Allah Ba Ya Gudun Rajista

Yawancinmu muna da ɗa ko ƙane da muka damƙa wa wani malami a makarantar kwana. Tambayarmu ita ce: in yaron nan ya kwanta rashin lafiya da dare, ko ya ɓata a kasuwa, a wane littafi aka rubuta sunansa da na ubansa?

Wasu na ganin rajista da kwamiti da lissafin kuɗi aikin 'yan boko ne, wai suna rage albarkar karatu. Mu ba mu yarda ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. In haka aka tsananta a kan dukiya, ina ga ɗan mutum?

Misali na nan kusa da mu. Shehu Adam Abdullahi Al-Ilori ya kafa Markaz a Abeokuta a 1952, daga baya ya mayar da ita Agege. Malami ne da ya tashi a karatun zaure, amma ya shigo da aji-aji, da manhaja, da jarrabawa, da takardar shaida. Ya rasu a 1992, makarantar ba ta bi shi kabari ba. Tarbiyyarsa ta jawo ɗalibai, tsarin da ya bari ya riƙe su.

Mun kuma ga abin da rashin sa ido ke haifarwa. A 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. A 2020, lokacin korona, aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Mu da ke zaune a Kudu, laifin makaranta guda kan shafi zango duka, don wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da abu huɗu. A buɗe littafi mai sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar waliyyinsa. A kafa kwamitin iyaye da zai riƙa duba makwanci da abinci. A raba kuɗin makaranta da aljihun malam. A yi wa makaranta rajista da hukuma, domin takarda ce za ta tsaya mana ranar da aka zo rufe ƙofa.

Iyaye kuma, kai yaro da buhun gero ba shi ne ƙarshen nauyi ba. Ku ziyarta, ku tambaya, ku biya. Malamin da rubutun boko ya yi wa wuya ya zo ajin yaƙi da jahilci, ko a samo masa matashin da zai riƙe littafin.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.