Unguwar Dudley: Gyaran Gari Ba Tare da Korar Mazauna Ba

A biranen Amurka, idan hukuma ta ce za ta sabunta wata unguwa, baƙaƙen fata kan shiga fargaba, kuma suna da hujja. Tun bayan dokar gidaje ta 1949 an rushe unguwanninsu da dama da sunan kawar da ƙazanta da miyagun laifuka, aka tarwatsa mazauna. Yau ba sai an kawo katafila ba: da zarar unguwa ta yi kyau, kuɗin haya kan tashi, talaka ya tattara nasa ya nasa.

Ba wai gyaran ba shi da amfani ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a Filadelfiya, share kangon filaye da shuka musu ciyawa ya rage harbe-harbe da kashi 29 cikin ɗari a unguwannin da suka fi talauci. Abin tambaya shi ne: wa zai ci moriyar wannan zaman lafiya, wanda ya sha wuyar jiya ko baƙon da ya zo da kuɗi?

A ganina, mutanen Dudley da ke yankin Roxbury na birnin Boston sun gano bakin zaren. A farkon shekarun 1980 bankuna sun juya wa unguwar baya, ana cinna wa gidaje wuta don karɓar kuɗin inshora, ana kuma jibge shara da dare a filayen da gobara ta bari. A 1984 aka kafa ƙungiyar Dudley Street Neighborhood Initiative, aka raba kujerun mazauna a kwamitinta daidai wa daida tsakanin baƙaƙen Amurka, 'yan asalin Cape Verde, 'yan Latin Amurka da farare. Sun fara da yaƙi da masu zubar da shara. Amma babbar nasararsu ta zo a 1988, lokacin da hukumar birnin ta ba su ikon karɓe filayen da masu su suka yi watsi da su, bisa biyan diyya, ikon da aka saba amfani da shi wajen korar irinsu.

Filayen suka zama amanar al'umma. Mutum kan sayi gida, amma ƙasar tana hannun amintattu bisa hayar shekara 99, kuma an ƙayyade ribar da zai ci idan zai sayar. An gina gidaje sama da 200 a kan wannan tsari.

Masu suka na cewa ƙayyade riba na hana iyalan baƙaƙe tara dukiya kamar yadda farare suka tara ta hanyar gidaje. Maganar tana da nauyi. Sai dai yawancin waɗannan iyalai, ba don tsarin ba, da har yau haya suke biya, a Boston ɗin da farashin gida ya fi ƙarfin ko da ma'aikaci mai matsakaicin albashi.