Ɗigar fitsari bayan haihuwa: magani na nan a titin Zariya

Mace ta yi tari ko atishawa, fitsari ya ɗan zubo, alwala ta karye. Akwai matan da suka shekara goma a haka, ko mijinsu bai sani ba.

Wannan ba yoyon fitsarin da ake yi wa tiyata a asibitin Murtala ba ne. Tsokokin ƙasan mara ne, masu riƙe mafitsara da mahaifa, suka saki saboda ɗaukar ciki da naƙuda. Tsoka kuwa ana horar da ita. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana hanyar: a matse kamar ana riƙe iska, a saki, kullum, har wata uku ko fiye. Sai dai wasu yunƙurawa suke yi maimakon matsewa, shi ya sa ake son ƙwararriya ta koyar.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen fisiyo, daga Gyaɗi-Gyaɗi ma a ƙafa ake zuwa. Amma mun ɗauka na masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ne kaɗai. Kuɗin sai ya ƙare wajen dillalan kayan matsi, waɗanda ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan.

A Faransa, inshorar lafiya ce ke biya wa mai jego wannan horo. Mu a Tarauni abin da nake roƙo kaɗan ne: ranar rigakafin jariri na sati shida, ungozoma ta keɓe uwar ta tambaye ta, in da matsala ta rubuta mata takardar zuwa fisiyo.