FILIN WASANNI: Osimhen Da Mutanen Napoli, Wa Ya Ci Amanar Wani?

Ran 4 ga watan Mayu na 2023, a filin wasa na garin Udine can arewacin Italiya, wani saurayi ɗan Nijeriya mai suna Victor Osimhen ya jefa ƙwallo a raga bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, aka tashi wasa ɗaya da ɗaya. Wannan kunnen doki shi ya ba kulob ɗin Napoli kofin gasar Italiya, kofin da rabon mutanen birnin su gan shi tun 1990, zamanin Diego Maradona, watau shekara 33 ke nan cif. A daren nan ba wanda ya runtsa a birnin Napoli. Tun kafin ranar ma, yara sun riga sun ɗauki al'adar ɗaura baƙin ƙyalle a fuska don su yi kama da shi, masu gasa kayan zaƙi sun fito da wani kek mai siffar kansa, an kuma zana hotonsa a bangayen unguwanni. Amma kafin a yi wata goma sha shida, sai ga kulob ɗin ya cire sunan wannan saurayi daga jerin 'yan wasansa, ya bar birnin, da yawa daga cikin masu yi masa kirari a da suna ce masa mayen kuɗi.

To, mai karatu zai so ya san abin da ya shiga tsakani, domin maganar ta daɗe ana ja-in-ja a kanta a gidajen kallon ƙwallo na ƙasar nan, daga Kano har Fatakwal.

Sai an fara sanin su wane ne mutanen Napoli kafin a yi musu hukunci. Birni ne babba a kudancin Italiya, kudu kuwa ita ce ɓangaren da talauci da rashin aikin yi suka fi yi wa katutu. Masana'antu da bankuna da manyan kulob-kulob irin su Juventus da Inter da Milan duk suna arewa, kuma an daɗe 'yan kallon arewa suna yi wa na Napoli waƙoƙin wulakanci a filayen wasa. Sabo da haka a wurin talakan Napoli, ƙwallo ba nishaɗin ranar Lahadi kaɗai ba ne, wuri ne guda da ya ke iya ɗaga kai a gaban waɗanda suka raina shi. Shi ya sa da Maradona ya rasu a 2020 suka sa wa filin wasansu sunansa. Shi ya sa kuma a 2016, da Gonzalo Higuain ya ci musu ƙwallo 36 a gasa ɗaya sa'an nan ya tattara ya koma Juventus a kan Yuro miliyan 90, suka fito kan titi suna ƙona riguna masu ɗauke da sunansa. Mutanen da suka ɗauki ɗan wasa tamkar ɗan'uwa na jini, ba sa ɗaukar tafiyarsa a matsayin sauyin wurin aiki.

Shi kuwa Osimhen, an haife shi ran 29 ga Disamba 1998 a birnin Ikko, ya tashi a unguwar Olusosun, gab da babbar bolar nan da ake jibge sharar birnin. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, ya kuma sha faɗa da bakinsa cewa ya yi tallar ruwan leda a tsakanin motoci. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Chile, Nijeriya ta ɗauko kofin. Daga nan ya tafi Wolfsburg ta Jamus, bai ci ko ɗaya ba, aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam, ya farfaɗo, Lille ta Faransa ta saye shi a 2019, bayan shekara guda kuma Napoli ta ɗauke shi a kan kimanin Yuro miliyan 70. A cikin wannan ciniki an haɗa wa Lille da waɗansu 'yan wasa huɗu na Napoli da aka ƙiyasta musu kuɗi kusan miliyan 20, uku daga cikinsu ba su taɓa buga wa Lille wasa ko sau ɗaya ba, har sai da masu gabatar da ƙara na Italiya suka shiga binciken takardun. Wanda ya ga an yi irin wannan lissafi a kansa yana ɗan shekara 21, da wuya a ce masa bai san cewa haja ce shi a idon masu kulob ba.

Ba kuma za a ce bai biya haƙƙin rigar ba. A watan Nuwamba na 2021, a wasa da Inter, ya yi karo da Milan Skriniar, ƙasusuwan fuskarsa suka karye, likitoci suka ɗinke su da farantan ƙarfe shida da ƙusoshi goma sha takwas. Asalin baƙin takunkumin da ya ke sawa ke nan, wanda yara suka mayar ado. Da wannan fuska ya ci ƙwallo 26 a kakar 2022 zuwa 2023, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Italiya, ya kuma wuce adadin da George Weah ya bari a can. A watan Disamba na 2023 aka naɗa shi gwarzon ɗan wasan Afirka, abin da rabon Nijeriya da shi tun Nwankwo Kanu a 1999.

Ɓaraka ta fara ne a watan Satumba na 2023. A wasa da Bologna ya zubar da bugun fenariti, da mai koyarwa Rudi Garcia ya cire shi kuma ya nuna fushinsa a gaban jama'a. Bayan kwana biyu sai ga shafin kulob ɗin na TikTok ya fitar da wani ɗan hoton bidiyo yana yi masa ba'a a kan fenaritin, bayan wani da aka riga aka fitar ana kwatanta shi da kwakwa. Wakilinsa Roberto Calenda ya yi barazanar zuwa kotu, shi kuma ya goge hotunansa na rigar Napoli daga shafinsa na Instagram. Kulob ɗin ya ce ba da nufin cin mutunci aka yi ba. Amma ko a gidan aure ma, akwai wasan da in an yi shi sau ɗaya, zama ba ya komawa yadda ya ke.

Duk da haka, a ƙarshen Disamba ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya zuwa 2026. Jaridun Italiya sun ce albashinsa ya kai wajen Yuro miliyan 10 a shekara bayan an cire haraji, aka kuma sa sharaɗin cewa duk kulob ɗin da ya ke son sa sai ya ajiye tsakanin miliyan 120 zuwa 130. A nan ne fa kowa ya ga ya yi wayo. Mai kulob ɗin, Aurelio De Laurentiis, wani attajiri mai shirya fina-finai wanda ya sayi Napoli a 2004 bayan ta karye, ya tabbatar ba za a ɗauke masa ɗan wasa a banza ba in wa'adi ya cika. Ɗan wasa kuma ya sami albashi mai tsoka, da ƙofar fita wadda ya ke zaton a buɗe ta ke. Ko wata guda ba a yi ba, yana can Kwaddebuwa wajen gasar cin kofin Afirka, ya shaida wa 'yan jarida cewa ya riga ya yanke shawarar inda zai nufa a gaba. De Laurentiis ma ya fito ya ce ai tun bara suka san zai tafi.

A nan mutanen Napoli suna da gaskiyarsu, kuma ba daidai ba ne 'yan Nijeriya su share ta don kawai Osimhen ɗan ƙasarsu ne. A wannan kakar kulob ɗin yana cikin halin ni-'yasu, ya canza masu koyarwa har uku, ya ƙare a matsayi na 10 bayan bara shi ne zakara. Mutumin da ya tsame kuɗin tikiti daga bakin cefanen gidansa, ya zo ya zauna cikin sanyi, sa'an nan ya ji wanda aka ƙara wa albashi jiya-jiya yana zancen gidan da zai koma, dole ransa ya ɓaci. Da ya kame bakinsa har kaka ta ƙare, da bai rasa komai ba. Akwai kuma abin da ya kamata shi da wakilinsa su hango tun farko: kulob ɗin da zai iya ajiye miliyan 130 kuma ya ɗora albashin da ya fi na Napoli a kai, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a duk duniya. Da hannunsa ya taya aka tsawwala masa farashi.

Haka kuwa aka yi. Bazarar 2024 ta zo, Antonio Conte ya karɓi aikin koyarwa, ya kawo Romelu Lukaku a gurbinsa, amma mai sayen Osimhen bai bayyana ba. Ran 30 ga Agusta, ranar rufe kasuwa, ciniki da Al-Ahli ta Saudiyya ya watse suka ɗauki Ivan Toney, na Chelsea ma ya watse, rahotanni suka ce a kan albashi ne, domin sababbin masu Chelsea sun fi son tsarin da ake biyan ɗan wasa gwargwadon abin da ya taɓuka. Abin mamaki, a wannan dare fushin magoya bayan Chelsea na Nijeriya bai gaza na mutanen Napoli ba. Ɗan tireda da ɗan acaɓa, waɗanda ba za su yarda a rage musu naira hamsin a ciniki ba, su ne suka fi ɗaga murya cewa ya kamata ya rage albashinsa sabo da son kulob ɗin da bai taɓa buga wa wasa ba.

Wannan fushi ba sabon abu ba ne. A Ingila, har zuwa Janairun 1961, doka ta hana a biya ɗan ƙwallo fiye da fam 20 a mako, sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka soke ta, Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100. A Disamba 1995 kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar Jean-Marc Bosman cewa wanda wa'adin kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ko kwabo ba. Tun daga ranar kulob-kulob suka shiga tsoron ƙarewar wa'adi, 'yan wasa kuma suka sami abin riƙe wuyansu da shi. A Oktoban 2010, da Wayne Rooney ya ce ba zai sabunta da Manchester United ba, waɗansu matasa sun rufe fuskokinsu suka yi cincirindo a ƙofar gidansa da dare, kashegari ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar da ƙarin albashi, ba a jima ba suka koma yi masa waƙa.

Asalin rashin fahimtar shi ne, mai goyon baya da ɗan wasa ba agogo ɗaya su ke kallo ba. Mai goyon baya ya gaji kulob ɗin daga ubansa, zai kuma bar wa ɗansa, ko an ci ko an sha kashi ba shi da inda zai je. Ɗan wasa kuwa shekara goma sha biyar ne gare shi in ya yi sa'a, karo ɗaya irin na Skriniar yana iya rufe littafinsa. Ɗan Nijeriya kuma yana da ƙarin dalilin da zai hana shi dogara ga godiyar jama'a. Gidajen da gwamnati ta yi wa 'yan Super Eagles alkawari bayan sun ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, da yawa cikinsu sai a 2021 aka amince a ba su, bayan shekara 27, alhali Rashidi Yekini ya rasu tun 2012, Stephen Keshi kuma a 2016. Yaron da ya tashi yana jin wannan labari ba zai karɓi tafi a madadin takarda ba.

Wanda ya fi kowa tsira da mutuncinsa a irin wannan rigima shi ne mai kulob, domin shi ba ya sa riga balle a ƙona ta. Ba a taɓa jin an ce De Laurentiis ya rage farashin ɗan wasa sabo da ƙauna ba, ba kuma wanda ya tuhume shi da cin amana sa'ad da ya sayar da Khvicha Kvaratskhelia ga Paris Saint-Germain a Janairun 2025, ana tsakiyar neman kofi, kamar yadda aka tuhumi 'yan wasan da suka nemi tafiya. Shi an yarda ɗan kasuwa ne. Ɗan wasa kaɗai ake so ya zama masoyi a cikin kasuwa.

A farkon Satumban 2024 Osimhen ya tafi Galatasaray ta Turkiyya a matsayin aro, dubban mutane suka tarye shi a filin jirgin saman Istanbul da tsakar dare. Ya ci ƙwallo 26 a gasar ƙasar, 37 in an haɗa da sauran wasanni, kulob ɗin ya ɗauki kofin gasa da na ƙalubale. Napoli ma ba ta yi asara ba: ran 23 ga Mayu 2025 ta doke Cagliari da ci biyu ba ko ɗaya ta sake ɗaukar kofin Italiya, Lukaku na cikin waɗanda suka ci. A ƙarshen Yuli na wannan shekara Galatasaray ta biya Yuro miliyan 75 ta mallake shi, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba a tarihin Turkiyya. Da ya ke kulob ɗin yana da hannun jari a kasuwa, doka ta tilasta masa bayyana sharuɗɗan yarjejeniyar: shekara huɗu, Yuro miliyan 15 a kowace kaka bayan haraji, miliyan 5 na haƙƙin amfani da hotonsa, sai kuma wata miliyan ɗaya a kowace kaka wadda takardar ta kira ladan riƙon amana.