Akwatin Lasifika: Aikin Kafinta da Ke Neman Lissafi

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallo a Kanya Babba ko Babura ranar da ake buga gasar Firimiya ya san irin amon: bango na rawa, ƙirji na girgiza, amma maganar mai sharhin ƙwallo ba ta fita. Mai gidan ya kashe kuɗi, ya sayo lasifika daga Sabon Garin Kano, kafinta ya ƙera masa akwati mai girman firji. Nan da nan sai a ɗora wa kayan gida laifi, a ce na kanti ya fi. Wannan hukunci bai yi wa kafinta adalci ba. Hannunsa ya iya aiki. Abin da ba a ba shi ba shi ne awo.

Kwalin lasifika yana tura iska gaba, a lokaci guda yana janyo ta ta baya. Idan babu abin da ya raba fuskokin biyu, amo mai kauri yakan soke kansa, domin zangonsa dogo ne: sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ya kusa mita 7. Raba su shi ne aikin farko na akwati. Na biyu kuwa, iskar da ke ciki takan zame wa kwalin matashi, kuma yawanta ne ke yanke yadda zai motsa. Makaɗan gargajiya sun riga kowa sanin haka, shi ya sa mai goge yake zaɓen ƙwaryarsa, ba ya ɗaukar duk wadda ta zo hannu. A 1954 Edgar Villchur ya nuna a Amurka cewa ƙaramin akwati rufaffe ruf zai iya fitar da amo mai zurfi. A 1961 Neville Thiele ya wallafa lissafin akwati mai bututun iska a Ostireliya, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Da waɗannan alƙaluma, a yau wayar hannu ma tana iya faɗin lita nawa wata lasifika ke buƙata. Akwati mai santimita 30 da 40 da 50 daga ciki lita 60 ne. Kafintan da ke auna ƙofa kullum ba zai gaza wannan ba.

Ramin da ake hudawa a gaban akwati ma ba ado ba ne. Kamar hura bakin kwalba yake: faɗinsa da tsawonsa su ke tsayar da sautin da zai ƙarfafa. Idan aka huda shi da ka, sauti guda ne zai riƙa buga kunne, ya danne murya.

Masu saye su ma suna da nasu alhakin. Ana ruɗarsu da dubban wat da aka rubuta a kwali ƙarƙashin PMPO, alhali adadin RMS ne ke da ma'ana. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. A garin da janareta da batirin sola ke ɗauke da nauyin kallo, lasifika mai fitar da sauti da wuta kaɗan ta fi amfani nesa ba kusa ba. Haɗa biyu masu om 8 gefe da gefe kuwa yakan mayar da su om 4, kuma a nan amfilifaya da yawa ke ƙonewa.

Katakon MDF yana da arha, yana kuma kashe jijjiga, amma laimar damina na kumbura shi. Filawud mai kauri da aka tokare daga ciki, aka toshe gaɓoɓinsa da gam, ya fi jure ɗauka da saukewa. Falon da ake kallon finafinan Kannywood da na Indiya masu fassara kuwa magana ce jarinsa, don haka ƙaramar lasifika mai kyau a ƙarƙashin talabijin ta fi manyan akwatuna biyu a kusurwa.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure, da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Bita ta mako guda ga kafintoci da masu gyaran rediyo na Roni da Gwiwa da Babura, a kan awon lita da bututu da om, ba ta buƙatar fiye da mita, tef, da falanki biyu.